Akwatin hazo a ɗakin baya: neman kishiyar ilektiron

Asabar, 9 Nuwamba 2024

Abin ya samo asali ne ranar Laraba a ajin SS2. Ina koyar da tsarin atom, na zana furoton a tsakiya da alamar fozitif, ilektiron a gefe da negatif, sai wata ɗaliba daga layin baya ta ɗaga hannu tace Malam wai wa ya ce dole haka za su kasance, in aka juya fa, furoton ya koma negatif ilektiron ya koma fozitif, me zai faru? Nace mata ai akwai irin wannan, shi ake kira antimata, kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi ɗaya da ita amma cajinsu ya saɓa, kuma in suka haɗu su biyun duk ɓacewa suke su koma haske. Wani ɗan iskan yaro yace ashe har a kimiyya kishiyoyi ba sa jituwa, aji ya ɗauki dariya. Ita kam bata yi dariya ba, tace Malam ka taɓa gani? Na yi shiru. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fiziks ban taɓa ganin ko ilektiron ɗin ba balle kishiyarsa, a littafi kawai.

To gani ya kori ji. Na yanke zan haɗa akwatin hazo, irin na'urar da Carl Anderson ya gano fozitiron da ita a Caltech ta Amurka a 1932. Fozitiron shi ne kishiyar ilektiron. Yadda take aiki ba wuya a faɗa: soso jiƙe da sifirit a sama inda akwai ɗumi, faranti mai sanyin gaske a ƙasa, tururin sifirit ɗin ya sauko ya taru saman farantin ya yi yawan da iska ba za ta iya riƙewa ba amma ya rasa abin da zai kama ya zama ɗigo. Duk ƙwayar da ke da caji in ta ratsa wurin tana fizge ilektiron daga iskar da ta bi, sai ɗigo su jeru a kan sawunta, kaga farin layi kamar na jirgin sama. Ba ƙwayar za ka gani ba, sawunta ne.

Ana buƙatar sanyi ya kai wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Turawa da busasshiyar ƙanƙara suke yi, ni na tambaya har na gaji ban samu mai sayar da kaɗan ba, don haka farantin Peltier zan bi, wato ɗan farantin da in an ba shi wuta fuska ɗaya ke yin sanyi ɗayar ta yi zafi.

Laraba, 13 Nuwamba

Na shiga Beirut Road bayan an tashi. Peltier TEC1-12706 guda 2, ₦13,000. Tsohon fawa sufulai na kwamfutar tebur ₦8,000. Ƙarfen sanyaya firosesa da fankarsa ₦5,000. Man da ake shafawa tsakani ₦2,500. Ma'aunin zafi mai waya ₦7,000. Robar zuba alawa mai garai-garai ₦1,500. Jimla ₦37,000. Maman yara ta kalli ledar ta kalle ni tace Malam wannan kuma na gyaran me ne, nace na makaranta ne, tace makarantar ce ta biya? Na wuce ɗaki.

Asabar, 16 Nuwamba

Yau na yi abin kunya, bari in rubuta don kar in manta.

Na haɗa koriyar waya da baƙa fawa sufulai ya tashi, na jona Peltier a layin bolt 12, na ɗora ɗan farantin alminiyam da na naɗe da baƙin salatif a sama, na zauna ina jiran lamba ta sauka. Sai naga tana hawa, 31, 38, 52, kafin in ankara salatif ya fara wari, na kai hannu in ɗaga ya ɗan sule min yatsa. Ashe wayoyin na juya lokacin da na yi musu ƙari, ja ta tafi inda baƙa ya kamata ta je. Shi Peltier haka yake, in ka juya wuta ɓangaren sanyi ya koma na zafi. Allah ya taimaka na kashe da wuri bai ƙone ba.

Ƙanena da ke zaune yana kallo yace to Yaya ai ka samu antimata ɗinka tunda ka juya fozitif da negatif. Wasa yake amma naga tambaya ce da yara za su yi gobe. Juya waya hanyar da ilektiron ke bi kawai ya canza, ilektiron ɗin na nan yadda yake. Sunayen ma Benjamin Franklin ne ya raɗa su tun shekarun 1740, da ya kira wannan da sunan wancan babu abin da zai canza sai rubutun littafi. Canza suna daban, juya waya daban, juya cajin ƙwayar kanta kuma wani abu ne daban gaba ɗaya.

Talata, 19 Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 23 Nuwamba

Wayoyi daidai wannan karon. Ya sauka zuwa 9 ƙasa da sifili ya tsaya cak, minti ashirin bai ƙara ba. Na taɓa ƙarfen sanyaya na ji shi da zafi rau. Matsalar ke nan, shi Peltier ba sanyi yake ƙerawa ba, zafi yake kwashewa daga fuska ɗaya ya jibge a ɗayar, in ba ka kwashe shi daga can da sauri ba sai ya dawo maka. Fanka kuma iskar ɗakin take hurawa, ɗakin da rana ya haura digiri 30.

Na sayo TEC1-12710 a ₦9,000, shi zai zauna ƙasa a bolt 12, ƙaramin ya hau kansa a bolt 5. Sifirit daga kemis ₦1,800.

Laraba, 27 Nuwamba

Karatu kawai yau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne lissafi ne ya riga ido ganin abin nan. Paul Dirac a Kambirij ta Ingila ya fitar da lissafin ilektiron a 1928, lissafin ya ba shi amsa biyu, ɗaya ta ilektiron ɗin da aka sani, ɗayar kuma ba wanda ya san ta meye. Da farko shi kansa ya so ya ce furoton ne, aka nuna masa ba zai yiwu ba tunda furoton ya fi ilektiron nauyi kusan sau 1,836, sai a 1931 ya fito ya ce to lallai akwai wata sabuwar ƙwaya. Shekara ɗaya tsakani Anderson ya ɗauki hotonta, kuma ba ita ya fita nema ba.

Sai wani gyara da zan yi wa kaina a gaban aji. Na ce musu antimata juya caji ne kawai, to niyutiron fa da ba shi da caji? Yana da kishiya shi ma, an gano ta a 1956 a Berkeley, shekara ɗaya bayan Segrè da Chamberlain sun gano kishiyar furoton a wurin. Niyutiron ƙananan ƙwayoyi uku ne a ciki waɗanda cajinsu in an haɗa ya ba da sifili, a kishiyarsa duk ukun an juya su, jimla sifili ce har yanzu amma ba abu ɗaya ba ne. Wato amsar da na ba yarinyar nan rabi ce.

Lahadi, 1 Disamba

Hawa biyun ya kai ni 19 ƙasa da sifili da fanka. Na cire fankar na sa ɗan akwatin ruwa na alminiyam da ƙaramin famfo irin na tankin kifi, ₦14,000 duka, tiyo biyu suna shiga kular Maman yara da na cika da ƙanƙarar leda daga mai shagon bakin layi. Nan take ya gangara 28. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Na jiƙa soso na manna a gindin robar na kife ta, na kashe fitila na haska tocila daga gefe. Awa biyu cur ina durƙushe kamar mai neman allura. Babu layi ko ɗaya, sai farin ƙanƙara da ya rufe farantin kamar an barbaɗa gari, baƙin salatif ɗin ma ba a gani. Na goge na sake, haka, na sake sau huɗu, na canza tocila na canza soso na toshe gefe da filasta ko iska ce ke shiga, duk a banza, har gwiwata ta sage. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na ɗauki kwalbar sifirit ɗin na karanta jikinta da kyau, kashi 70 cikin ɗari, sauran 30 ruwa ne. Ruwan ne ke daskarewa a kan farantin. Tun farko na san isofurofil mai kashi 99 ake so, na ga na kemis ya fi sauƙi nace ai duk sifirit sifirit ne. Araha ba ta ado.

Alhamis, 5 Disamba

Na samu isofurofil a wurin masu sayar da kayan lab, lita ɗaya ₦12,000, ba sa raba kwalba. Lita ɗaya zata kai ni shekara.

Asabar, 7 Disamba

Peltier na ƙasa ya ƙone. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Na kunna na barshi yana sauka na fita sallar la'asar, nace minti goma ne, ledar ƙanƙara ɗaya ta narke ta saki jiki ta je ta manne a bakin famfo ta toshe shi, ruwa ya daina zagayawa shi kuma yana ta shan wuta kusan amfiya 8 babu mai kwashe masa zafi. Da na dawo ɗakin na warin ƙonannen roba, ma'auni na nuna 60 da wani abu, tiyo ɗaya ya yi laushi ya kusa zarewa, da ya zare ruwa kan fawa sufulai zai zuba, wannan kuma ba a fata. Na auna shi da mita, babu komai, ya mutu. Na saman ya tsira.

Wani ₦9,000 ɗin. Na ɗaure bakin famfo da ragar sauro, kuma daga yau ba na barin shi a kunne in fita ko da ƙofar gida ce.

Asabar, 14 Disamba

Alhamdulillah. NA GANI.

Bayan asuba na kunna, hunturu ya sauka sosai ɗakin 17 yake nunawa, faranti ya kai 31 ƙasa da sifili cikin minti takwas. Da na haska tocila sai naga wani yayyafi siriri yana sauka a hankali saman baƙin, kamar ƙura a hasken taga. Ina cikin kallonsa sai wani farin zare ya gifta daga wannan gefe zuwa wancan, miƙe sak, ya tsaya kamar daƙiƙa ɗaya ya narke ya zube. Na ɗauka idona ne. Sai wani ya sake fitowa, wannan a lanƙwashe yana tangaɗi kamar tafiyar tururuwa. Ban san na yi ihu ba sai da Maman yara ta shigo da gudu tana lafiya Malam, nace zo ki gani, ta sunkuya ta daɗe tana kallo tace wannan ɗan hayaƙin ne aka kashe wa kuɗin buhun masara? Amma bata tashi ba sai da ta ga uku.

Da rana na je wurin wani dattijo mai walda, nace Baba ina neman sandar tungstin mai jan kai, ya ba ni ɗaya ₦2,000 yana tambaya ko na koma sana'a ne. Masu jan kan suna da toriyam kashi 2 cikin ɗari, wani ƙarfe ne da atom ɗinsa ke fashewa yana fitar da ƙwayoyi masu caji. Na sa ta a ciki, sai ga gajerun layuka masu kauri suna fitowa daga jikinta kamar gashin buroshi, sawun alfa ke nan, ƙwayoyi masu nauyi da toriyam ke fitarwa. Ba a goga sandar nan ko a kankare ta a gida, ƙurarta ce matsala in an shaƙa, ni dai a leda nake ajiye ta in wanke hannu.

Laraba, 18 Disamba

Na cire allon raket ɗin kashe sauro na jona waya ɗaya a zoben jan ƙarfe saman robar, yana share tsofaffin caji daga iska, layuka sun fi fita fes. Ya ɗana min sau ɗaya, har haƙorina na ji.

Dogayen layukan nan miƙaƙƙu yawanci miyuwon ne, wata ƙwaya irin ilektiron amma mai nauyi sosai, daga can saman iska suke zuwa inda ƙwayoyin da ke tahowa daga sararin samaniya ke dukan iskar duniya. Kusan ɗaya ke ratsa kowane santimita murabba'i a minti. Farantina santimita 4 sau 4 ne, wato wajen 16 a minti, amma ni dogo ɗaya ko biyu nake gani a minti biyu, dalili yawancinsu daga sama suke sauka a tsaye, shimfiɗar hazon kuma bata kai kaurin yatsa ba, sai wanda ya zo a kwance ne zai bar dogon sawu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne miyuwon ɗin nan fiye da rabi masu cajin fozitif ne, kuma mai fozitif ɗin shi ne kishiya. Ke nan tun ranar Asabar inaga na riga na ga sawun antimata ban san wanne ba ne, dukkansu fari ne iri ɗaya.

Lahadi, 22 Disamba

Maganaɗisu. Na fasa matattun hadis na kwamfuta (hard disk) guda 4 da wani mai gyara ya ba ni kyauta, na ciro maganaɗisun ciki. Nasu fuska ɗaya tana da arewa da kudu gefe da gefe, dole na saita rabi ɗaya ya zo daidai ƙarƙashin inda nake kallo. Sai na ɗebo cokali na takin NPK daga ragowar na gona na zuba a murfin kwalba a gefen faranti, saboda fotasiyam ɗin ciki akwai ɗan kaɗan mai lamba 40 da ke fitar da ilektiron.

Siraran layuka suna fitowa daga wajen takin suna karkata hagu, ba duka ba amma mafi yawa. Na juya maganaɗisun, suka koma dama. Miyuwon ko a jikinsu, na lissafa da ƙarfin da nake zato kamar tesla 0.1 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan), da'irar da miyuwon zai yi ta fi mita ɗari, ina zan ga lanƙwasa a santimita 4.

Alhamis, 26 Disamba

Ƙarfe 5:52 na safe, a bidiyon waya: layi siriri kusa da takin ya karkata DAMA alhali sauran duk hagu suke. Na maimaita shi ya fi sau talatin. Na tura wa ƙanena na rubuta fozitiron!!! Ban iya karyawa ba don murna.

Juma'a, 27 Disamba

Na sauko ƙasa.

Da daddare na zauna da biro na zana layin a takarda sai naga abin da ya kamata in gani tun jiya. Sawu ba ya nuna inda mai shi ya dosa. Fozitiron da ya fito daga takin ya karkata dama, da ilektiron da ya taho daga ɗaya gefen ya nufi takin, baka ɗaya za su zana, babu bambanci ko na gashi. Kuma ilektiron irin wannan suna ko'ina, daga bango, daga siminti, daga robar kanta.

Na yi lissafin takin kuma. Giram 20 na 15-15-15 zai ba da fashewar atom kusan 80 a daƙiƙa, amma fotasiyam 40 sau ɗaya cikin dubu ɗari yake ba da fozitiron, wato ɗaya a minti ashirin da ɗoriya, shi ma mafi yawa a cikin takin zai ci karo da ilektiron su ƙone su zama gamma biyu, wato haske mai ƙarfi da ido baya gani, kafin ya leƙo waje. Nawa bidiyon minti shida ne.

Na koma hoton Anderson na 2 ga Agusta 1932, yanzu ne na fahimci dalilin farantin dalma mai kaurin milimita 6 da ya gindaya a tsakiya, da ina kallonsa kamar ado. Ƙwayar ta ratsa dalmar ƙarfinta ya ragu daga MeV 63 zuwa 23 (ma'aunin ƙarfin ƙwaya ke nan), don haka gefen da layin ya fi lanƙwashewa shi ne inda ta fita, ke nan daga ƙasa ta taho ta yi sama, da ka san wannan ka san cajinta. Kuma ba furoton ba ne don furoton mai irin wannan lanƙwasa ba zai wuce milimita 5 ba zai tsaya, wannan ya yi sama da santimita 5. Maganaɗisunsa tesla 1.5 ne, nawa na hadis. Na goge saƙon da na tura wa ƙanena amma ya riga ya gani.

Asabar, 4 Janairu 2025

Ina shirya abin da zan faɗa wa yarinyar in an dawo hutu. Tambayarta an gwada ta a zahiri, a CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai kusa da Janeba. Sun haɗa haidurojin juyayye, kishiyar furoton a tsakiya fozitiron na zagaye, guda 9 a 1995. A 2010 gwajin ALPHA ya riƙe 38 a tarkon maganaɗisu, a 2011 suka riƙe wasu daƙiƙa 1,000, dole a tarko don in ya taɓa bangon kwano shi ke nan. A 2016 suka haska masa leza suka ga launin hasken da yake sha daidai yake da na haidurojin ɗinmu, a 2023 kuma suka sake shi suka ga ƙasa yake faɗuwa ba sama ba. Wato in da za a juya duk cajin jikinki da na kujerarki da na garin Kano lokaci ɗaya, ruwa zai ci gaba da zama ruwa, shayi ya yi zaƙi, abin da na gani da na juya maganaɗisu ne, hagu ta koma dama kawai. Bala'in sai juyayye ya haɗu da wanda ba a juya ba, giram ɗaya da giram ɗaya zai ba da fashewa mai ƙarfin kusan kiloton 43, bam ɗin Hiroshima wajen 15 ne.

Amma ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, Cronin da Fitch sun kama ɗan bambanci a wasu ƙwayoyi da ake kira kewon a 1964. Na san zata tambaya to me ya sa duniya duk ta zama irin namu babu juyayyun taurari. Bambancin da aka auna bai isa ya bayyana wannan ba, masana suna kai har yau, haka zan faɗa mata.

Asabar, 11 Janairu

Lissafi zuwa yau: kaya ₦84,800 har da wanda ya ƙone da sifirit ɗin banza, ƙanƙara ₦6,000, fetur na janareta ranakun da babu wuta ₦10,500. Jimla ₦101,300.

Na yanko siririn falle daga gwangwanin lemo zan tsayar da shi a tsakiyar faranti ya zama dalmata, ilektiron ɗin taki ba su da ƙarfin ratsa dalmar gaske. Matsala yana jan hazo ya jiƙe, jiya ya ɓata min rabin wurin kallo, zan gwada rage tsayinsa. Ina neman maganaɗisu mai faɗi guda ɗaya kamar santimita 5, an ce min ₦20,000 zuwa sama, sai albashin Janairu. Waya kuma zan ɗaure ta a sanda ta yi ta ɗauka awa ɗaya kowace asuba kafin sanyi ya wuce, in Maris ya shigo ƙanƙara ba zata riƙe ba.

Ranar Talata zan kai shi makaranta, na roƙi ɗakin sito don shi ne mai duhu, yara biyar-biyar za su riƙa shiga. Sai in tuna in aro wata kula, Maman yara tace tata bata ƙara fita daga gidan nan.